Zaɓen Unguwa Kafin Ƙaura Zuwa Birnin Kano: Jawabin Taron Shekara

 

Kwamitin shirye-shirye ya nemi in yi wa matasanmu tsokaci a kan zaɓen unguwa, ganin yadda kowace shekara suke ɗaukar iyali su koma Kano. Dalilin da ya sa na amsa shi ne abin da ya sami wani tsohon ɗalibina. Yaron nan yana tsaron shago a Kantin Kwari, sai ya kama ciki da falo can bayan gari saboda araha, a watan Janairu, ya biya shekara guda har da la'adar dillali. Da damina ta sauka ruwa ya shiga masa ɗaki. Da ya haɗa kuɗin mota da na 'yan garuwa kuwa, sai ya tarar sun zarce rarar da ya yi murna da ita. Kafin shekara ta cika ya mayar da iyalinsa gida.

Saboda haka abu na farko shi ne nisan wurin sana'a. Mai harka a Dawanau ya duba Kurna da Rijiyar Lemo, domin duk a kan hanyar Katsina suke. Ma'aikacin Jami'ar Bayero ya nemi Kabuga, Ɗorayi ko Rijiyar Zaki. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa ya san Fagge ce kusa, sai dai kusancin nan shi ya sa hayarta tsada, ga cunkoso. Tun da aka hana acaɓa a birnin cikin 2013, talaka ya dogara ga adaidaita sahu, kuma da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A lissafa kuɗin zuwa da dawowa na wata goma sha biyu, a ɗora a kan haya. Wannan jimillar ita ce farashin gidan na gaskiya.

Na biyu, ruwa da wuta. A tambayi matan gidan da ke kusa ko famfo na zuwa, ko akwai rijiya, da kuma nawa ake sayen jarka a watan Afrilu. A tambayi rukunin da layin wutar yake, domin a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit.

Na uku, a je unguwar sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, in da hali ma cikin Agusta. Gani ya kori ji. A duba magudanun ruwa, da kududdufi, da alamar danshi a jikin bango. Mai niyyar sayen filin awon igiya kada ya biya sisi sai ya tantance takardu a hukumar filaye.

Na huɗu, kuma mafi girma, tarbiyya. Na shafe shekaru a makaranta, na ga yadda lungu ke rushe abin da aji ya gina. A gaida mai unguwa da limami, a tambaye su batun 'yan daba da shaye-shaye, a ga firamare da islamiyyar da yara za su shiga. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin gida.

Daga ƙarshe, ina roƙon reshenmu na Kano ya naɗa mutum uku waɗanda baƙo zai tuntuɓa kafin ya biya dillali. Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya ja zamanin Hakimi.