Kalmar "Bandit": Daga Italiya Zuwa Dajin Kamuku



Muna aji uku malamin Turanci ya rubuta mana kalmar "bandit" a allo, muka haddace ta don jarrabawa kurum. Yau kuwa, ko tsohuwar da ba ta taɓa leƙa aji ba a Birnin Gwari ta san ta. Wasu ma sun ɗauka daga "bindiga" aka samo ta. A'a, ita bindiga daga Larabci muka aro ta.

Turawan Ingila sun ari kalmar ne daga "bandito" ta Italiyanci, wajen ƙarshen ƙarni na 16. Ma'anarta mutumin da hukuma ta yi shelar korarsa daga gari, doka ta cire hannunta daga kansa. To, korarre ina zai nufa in ba daji ba? Me zai ci in ba abin da ya ƙwata a hanya ba? Da haka ma'anar ta koma ɗan fashi.

Sai ku dubi yadda abin ya juye a wurinmu. Dajin Kamuku, inda aka taɓa kai mu kallon namun daji, wanda kuma aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, shi ya zama mafakarsu. A Italiya gari ne ke korar mutum. Nan kuwa su suka kori mutane daga ƙauyuka da gonaki, har kasuwar shanunmu ta yi shekaru a rufe, sai a Nuwamban 2024 aka buɗe ta bayan sulhu. Wasunmu da ke zaune a nan, wannan ne zuwansu gida na farko cikin shekaru.