Muhawarar 'Yan Takara da Tukunyarmu: Jawabin Kwamitin Gudanarwa

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka rako mu, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya nuna mana shekara 10 da kafa wannan ƙungiya. Ma'aji ta karanta lissafin kuɗi, mu kuma wata magana ce daban ke tafe da mu: muhawarar da masu neman shugabancin ƙasa ke yi a talabijin.

Da an fara irin wannan shiri, yawancinmu sai mu tashi mu koma madafi, mu ce ai surutun maza ne, ga shi da Turanci. To, ku tuna 2023. Tun ana yaƙin neman zaɓe Tinubu da Atiku da Peter Obi suka faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da Tinubu, nan take ya ce tallafi ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500. Kuɗin niƙa ya tashi, kuɗin mota ya tashi, masu ƙuli-ƙuli da masu awara a cikinmu sun ji a jikinsu, wasu har zubi ya gagare su. An fa faɗa mana, mu ne ba mu kasa kunne ba. Da mun ji, da ko gyaɗa da waken suya mun saya mun ajiye.

Abin ba sabo ba ne. A 1993 Abiola da Bashir Tofa sun kara a talabijin na NTA. A 2011 mace ce 'yar Arewa, Kadaria Ahmed, ta yi wa Buhari da Ribadu da Shekarau tambayoyi, Jonathan bai zo ba. A 2019 Buhari bai halarta ba, Atiku ya zo ya juya, aka bar mutum uku, cikinsu har da mace, Oby Ezekwesili. Rashin zuwan ma abin lura ne. Mu nan, wadda ta ƙi zuwa gaban kwamiti, muna ba ta bashi?

Ga shawararmu. Mu saurare su kamar yadda muke sauraron mai neman rance. Me za ka yi? Ina za ka samo kuɗin? Zuwa yaushe? Kada zaƙin baki ya ɗauke mu, don mun sha ganin wadda ta fi kowa iya tsara magana ta fi kowa wuyar biya.

In zaɓe ya matso, za mu riƙa haɗuwa mu kalla tare. 'Ya'yanmu 'yan makaranta su fassara mana, sakatariya ta rubuta kowane alkawari a littafi, musamman na farashin abinci, asibiti, makaranta da tsaro. Ƙungiya ba ta da jam'iyya, ba za ta ce wa kowa ga wanda za ta zaɓa ba. Amma taliya da sabulun ranar zaɓe mako guda suke yi, shi kuwa wanda ya hau sai ya shekara 4.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya ƙara wa sana'o'inmu albarka, Ya maimaita mana.