Idan faifan kwamfuta ya mutu da littafin bashi a ciki

  

An ce in yi magana kan abin da ke cin da yawa daga cikinmu a ɓoye. A da, mai kawo albasa daga Galmi ko mai kai goro arewa yana da littafi, yana kuma da ƙwaƙwalwa. Yau lissafin kaya, sunayen masu bashi, da takardun kwastan na Paga da Aflao duk sun koma cikin kwamfuta ɗaya a shago a Nima ko Mamobi, musamman tun da aka fara aiki da ICUMS a 2020. Ran da ta ƙi tashi, wanda kake bi sidi dubu talatin zai iya cewa dubu goma ne, ba ka da abin nunawa. Hukumar GRA kuma tana son a ajiye takardun ciniki har shekara 6, kuma ba ta karɓar uzurin cewa na'ura ta lalace.

Abin da ke riƙe bayanan shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had dis. A cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Faɗuwa ƙasa, jijjigar mota a hanyar Tamale, zafi, ko wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi kamar yadda muka sha a dumsor na 2015, kowanne yana iya sa allurar ta karce farantin.

Mutuwar iri biyu ce, kuma sanin bambancin shi ne rabin magani. Idan faifan yana juyawa lafiya, amma an goge fayil ko an yi masa fomat bisa kuskure, bayanan suna nan galibi. Sunansu kawai aka share daga jerin, kamar a yage shafin farko na littafi a bar sauran. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec suna tono su, kuma kyauta ne. Sharaɗi ɗaya: kada a ajiye komai sabo a kan wannan faifai, domin sabon rubutu yana hawa kan tsohon ne. Abin da aka tono ma a zuba shi a wani faifai dabam.

Amma idan kuka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ko yana ƙara kamar ana niƙa, a kashe nan take. Duk kunnawar da aka yi don a gwada ko zai tashi, ƙara karce shi ake yi. Kada a buga shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu yara ke ba da shawara, kada a yarda kowa ya kwance shi a kan tebur. Ƙura ɗaya ta fi ratar da ke tsakanin allura da faranti girma, ku kuwa kun san ƙurar Circle. Akwai yara masu hannu a Tip Toe Lane, ban raina su ba, sai dai gyaran waya dabam, buɗe faifai dabam. Wannan sai ɗaki na musamman mai tace iska, kuma da tsada.

Kafin ku miƙa wa mai gyara, ku tambaye shi: zai fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, sannan ya yi aiki a kan kwafin? In ya ce bari ya sake sa Windows tukuna, ku karɓi kayanku ku fita. Ku yi ciniki tun farko a kan cewa biya sai kun ga fayilolinku sun buɗe da idonku. Masu sababbin kwamfutoci masu SSD, ku sani abin da aka goge a cikinsu yakan tafi da sauri, kuma in an kulle da BitLocker, ba lambar buɗewa, ba bayanai.

Kada mu manta da abin da ke wajen kwamfutar. Rasit da kuka tura ta WhatsApp yana wayar abokin ciniki. Wakilinku na kwastan yana da kwafin takardun shigo da kaya. Kamfanin waya yana iya ba da bayanin kuɗin da suka shiga ta MoMo. Sau da yawa da waɗannan ake sake gina littafin bashi tun kafin mai gyara ya gama. Bayan haka a riƙa kwafewa kowace Juma'a: ɗaya a faifan waje da ke kwana a gida, ɗaya a Google Drive.

Sai mataccen faifan kansa. A 2009 wasu ɗaliban jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi tsohon faifai a kasuwa a Tema kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman a ciki. Naku yana ɗauke da hoton Ghana Card ɗinku da lambobin abokan ciniki. Kada a bar shi wurin mai gyara, kada a sayar wa mai gwangwan haka nan. A huda shi da ƙusa wuri uku ko huɗu tukuna.