Kwamfuta a Makarantar da Ba Benci: Ina Ya Kamata Kuɗin Ya Fara Zuwa?

 



An nemi in yi magana a kan tambayar da malamai ke yi wa juna a ofis, amma ba kasafai suke yin ta a gaban manya ba: shin kuɗin da ake zubawa wajen sayen kwamfutoci a makarantu asara ce, alhali ga buƙatun da suka fi su gaggawa? Amsata ita ce, a yadda muke yi yanzu, mafi yawansa asara ne. Ina faɗin haka ne a garin da ya san darajar fasaha. A nan Wudil jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar take tun 2001, wadda a 2022 aka sa mata sunan Alhaji Aliko Dangote. Ga kwalejin fasaha, ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Babu wanda ya taru a nan don ya yi gaba da na'ura. Abin da ya tara mu shi ne a san me ke gaba, me ke baya.

A watan Yunin 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. A jawabinsa na ranar ya ce yara fiye da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu wajen 400 da malami ɗaya tal ke riƙe da kowane aji da kowane fanni. Daga bakin mai jihar wannan lissafi ya fito. An ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗi, an shiga gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai giɓin da girma yake, ba na cikewa a shekara ɗaya ko biyu ba ne. Saboda haka duk nairar da ta shigo harkar ilimi tana da masu jiran ta da yawa.

Akwai wata sakandare da na sani, ba sai na ambaci sunanta ba. Ɗakin da ya fi kowane kyau a cikinta shi ne ɗakin kwamfuta: ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu, silin lafiyayye, fanka a sama. In an buɗe maka, za ka ga kwamfutoci jere a kan tebura, an lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta kwanta a kai har kana iya rubutu da yatsa. Batiran solar sun daina riƙe wuta, kuma babu wanda aka ba kuɗin canja su. Makullin yana aljihun firinsifal, domin shi ya sa hannu ya karɓi kayan, in ɗaya ta ɓace ko ta lalace shi za a tuhuma. Kada ku ga laifinsa, ya zaɓi abin da zai tsare masa mutuncinsa da fanshonsa. A bayan wannan ɗaki akwai ajin da iska ta yaye wa kwano tun daminar bara. Makewayin 'yan mata ya rufta, don haka wadda buƙata ta kama sai ta tafi gida, kuma galibi ba ta dawowa ranar. Darasin kwamfuta kuwa ana nan ana yin sa: malami ya zana hoton madannai a kan allo da alli, yara su kwafa a littafi.

Na tabbata da yawa daga cikinku yanzu kuna tunanin makarantarku nake nufi.

Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar Juma'a a kasuwar Wudil ya san wani lissafi da masu saya wa makarantu kaya ke mantawa. Ranar da ka biya kuɗin sa, ka ba dillali la'adarsa, ranar kashe kuɗi ya fara: dusa, harawa, kanwa, allura, ga hakkin mai kiwo. Haka kwamfuta take. Tana cin wuta, tana cin data, tana son mai gyara a kusa, tana son malamin da ya iya ta, kuma cikin 'yan shekaru ta tsufa. Amma takardar kwangila a ranar miƙa kaya take ƙarewa.

Ku ɗauki wuta kaɗai. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya fi ƙarfin yawancin makarantu. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. A cikin shekarar ne jaridu suka ruwaito an yanke wa jami'armu ta nan Wudil wuta saboda bashin kuɗin lantarki. To idan jami'a mai injiniyoyi da kasafinta na kanta za ta shiga wannan hali, da me firamaren Utai ko ta Achika za ta kunna kwamfuta ashirin?

Me ya sa duk da haka ake ta saye? A nan nake so in yi wa makarantu adalci, domin sau da yawa ba su ne masu ɓarnar ba, ba a ma tambaye su ba. Kuɗin yana zuwa ne a ɗaure. Hukumomin tarayya irin su NITDA da asusun USPF na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa sun kafa ɗakunan kwamfuta a makarantu da dama a faɗin ƙasar nan, kuma aikin da doka ta ba su ke nan, ba su da hurumin sayen benci. Ɗan majalisa ya sa aikin mazaɓa a kasafi, ɗan kwangila ya sauke kwalaye, hedimasta ya yi godiya. Wane hedimasta ne zai dubi mai kyauta ya ce, ranka ya daɗe, a mayar da waɗannan a haƙa mana rijiyar burtsatse? Sannan kwamfuta tana kyau a hoto. Ana yanka mata ƙyalle, ana manna sunan wanda ya kawo a bango. Malamar da aka horar ta koya wa yara arba'in haɗa baƙi da wasali kuwa, babu wurin manna sunan kowa a jikin aikinta.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba, kuma waɗanda suka riga mu sun bar labari. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutarsa, wadda aka yi ta kira ta dala ɗari. A 2007 aka gwada shi a firamaren Galadima da ke gefen Abuja, aka yi ta zancen Najeriya za ta sayi miliyan ɗaya, maganar ba ta tabbata ba. Ƙasar Peru kuwa ta saya da gaske, dubu ɗaruruwa. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincike a kan makarantun karkara 319 na ƙasar, ya tarar cewa bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai motsa ba. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar hannu mai suna Opon Imo a 2013, yau ba a jin ɗuriyar shirin. Kenya ta yi wa kowane ɗan aji ɗaya alkawarin kwamfuta a 2013, zuwa 2019 ta koma zancen gina ɗaki ɗaya a kowace makaranta. Ko Suwidin, ƙasar da ba ta san ɗaukewar wuta ba, a 2023 ta fara mayar da kuɗi kan littafin takarda saboda damuwa da karatun ƙananan yara.

Amma misalin da ya fi muhimmanci a wurina a wannan ƙaramar hukuma aka yi shi. A watan Oktoban 2019, hukumar SUBEB ta Kano da Ma'aikatar Ilimi da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, tare da British Council da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya, suka fara shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi a ƙananan hukumomi biyu, Wudil da Dawakin Tofa. Na san akwai malamai a wannan ɗaki da suka yi aikin da hannunsu, kuma sun fi ni sanin sa. Ana ɗaukar 'yan aji huɗu zuwa shida, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wannan yarinya tana gane harafi? Tana iya karanta kalma? Sakin layi fa? Gajeren labari fa? Daga nan a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da kowa ya iya, ba a duba ajinsa ko shekarunsa. A fara karatu da Hausa, harshen da yaro ke tunani da shi, a kuma yi amfani da ita wajen shigar da shi Turanci. Kayan lissafin tsinkaye ne ko 'yan karare, a ɗaure su goma-goma. Yaro ya riƙe ɗauri uku da tsinke huɗu, ya ga talatin da huɗu a tafin hannunsa. In aka ce ya cire bakwai, dole ya kwance ɗauri ɗaya, kuma a nan yake gane abin da ake nufi da aro a lissafi, abin da ya shekara uku yana kwafa a allo bai fahimta ba.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ƙirƙiro wannan hanya ta koyar da yaro daidai da matakinsa, kuma cikin waɗanda suka yi shekaru suna auna ingancinta akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer. Shi Kremer yana cikin waɗanda suka yi wani bincike a yammacin Kenya da ya kamata ya sa mu hankalta: an raba wa makarantu littattafai, amma yaran da dama can suna da ƙoƙari ne kaɗai suka amfana, domin littattafan da Turanci suke kuma sun fi ƙarfin sauran. Ashe ko littafi, wanda duk muka yarda buƙata ce ta gaske, yana iya zama asara idan yaron bai iya karanta shi ba. Benci ma haka, yana hana ciwon baya da dattin tufa, amma ba ya koyar da karatu. Abin aunawa a kowane saye shi ne ko zai sa yarinyar nan ta iya abin da jiya ba ta iya ba.

Ku kuma tuna abin da ya faru da cutar korona ta rufe makarantu a 2020. KaLMA bai tsaya ba, ya koma rediyo da saƙon tes da saƙon murya ta waya da takardun aikin gida. Wannan ma ai fasaha ce, kuma ta yi aiki saboda rediyo da ƙaramar waya suna nan a gidajen mutane, sun san kunna su, sun san inda ake gyara su a bakin kasuwa.

Yanzu bari in ɗauki hujjar ɗaya ɓangaren, domin tana da ƙarfi. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yin ta. A 2025 Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da shirin mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta, kuma ko an jinkirta, can aka dosa. Ku dubi yarinya daga Lajawa ko Indabo, mai ƙoƙari, ta haddace darasinta, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ta zauna gaban kwamfuta. Hannunta na rawa, lokaci na tafiya, tana tsoron ta danna wani abu komai ya goge. Wannan yarinya an zalunce ta, kuma a wurinta kwamfuta buƙata ce ta gaske kamar alli. Akwai ma shaidar cewa na'ura tana iya koyarwa. A birnin Delhi an gwada wata manhaja mai suna Mindspark da ke ba kowane yaro tambaya daidai da ƙarfinsa, aka ga ci gaba sosai a lissafi da harshe cikin 'yan watanni. Sai dai a cibiyoyin da aka yi gwajin akwai wuta, akwai mai kula, kuma manhajar tana bin ƙa'ida ɗaya da ta tsinkayen KaLMA, wato fara wa yaro daga inda yake.

Don haka ga abin da nake roƙo. A firamare, kuɗin ya tafi kan malami da horar da shi, da rufi, da ruwa, da makewayi, da littattafan Hausa na matakin farko, har sai ɗan aji uku ya iya karanta labari ya faɗi abin da ya ƙunsa. A babbar sakandare, maimakon a warwatsa kwamfuta goma-goma a makarantun da ba za su iya riƙe su ba, a tara su a cibiyoyi biyu ko uku a ƙaramar hukumar nan, ɗaya a cikin gari, ɗaya ta wajen Darki misali. Kowace ta kasance da sola mai ƙarfi, da ma'aikacin gyara mai albashi, da jadawalin da zai ba kowane ɗan aji biyu da aji uku damar zama gaban na'ura kowane mako. Masu koyarwa ba za su yi wuya ba a garin da ke da jami'ar fasaha: ɗalibanta masu zuwa horon sanin makamar aiki da 'yan hidimar ƙasa suna nan, tsari kawai ake buƙata tsakanin jami'ar da ofishin ilimi na shiyya. Kuma kada a sa hannu a kan sayen ko da kwamfuta ɗaya sai an rubuta, a takarda guda, wanda zai biya kuɗin batir da data da gyara na shekara biyar.

'Yan kwamitocin kula da makarantu, ku ma kuna da magana. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, ya riga ya nuna ana iya damƙa wa kwamiti kuɗin gyara ya zaɓi abin da makarantarsa ta fi buƙata. Ku rubuta buƙatunku bi da bi, ku sa hannu, ku ajiye kwafi a ofishin hedimasta. Ranar da mai kyauta ya aiko, a miƙa masa takardar cikin girmamawa tun kafin ya je kasuwa.

Ga mai girma Sakataren Ilimi da jami'an shiyya kuwa, roƙona ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗi. Kafin ƙarshen wannan zango, a zaga makarantun Wudil, a buɗe ɗakunan nan, a kunna kowace kwamfuta. A rubuta nawa ke aiki, nawa ke buƙatar ɗan gyara, nawa suka mutu, a kuma sauke wa firinsifal nauyin tuhuma idan na'ura ta lalace a hannun ɗalibi yana koyo. Kwamfutocin da ke aiki a cikinsu sun isa a fara cibiya ta farko da su.