Ranar da shafinmu ya faɗi: zaman haya a intanet

Yau ba siyasa za mu yi ba, ku ɗan huta. Maganar shafin intanet ce, saboda saƙonni sun yi min yawa daga masu ƙungiyoyi da masu 'yan sana'o'i: shafi ya ƙi buɗewa, wanda ya gina musu kuma ya daina ɗaukar waya.

Bari in fara da abin da ya same mu. Ƙungiyarmu ta shirya koya wa matasa sana'a kyauta, muka sa fom ɗin rajista a shafinmu, muka watsa adireshin a WhatsApp bayan isha'i. Ko tuwo ban gama ci ba wayata ta fara ruri. Duk wanda ya shiga sai ya tarar da lamba 508 da 'yan kalmomin Turanci. Kafin sha ɗayan dare wasu har sun fara rubuta cewa ai dama mun raba guraben a tsakanin 'yan uwanmu, fom ɗin na yaudara ne. Wallahi wannan ta fi min ciwo. Shafi ana gyara shi, amma idan matasa suka cire yarda da kai, dawo da ita aiki ne.

To me ya faru? Yawancinmu hostin na haɗaka muke saya, don shi ne mai araha. Babbar kwamfuta ce guda ɗaya, wato saba, aka zuba shafuka masu ɗimbin yawa a kanta. Gidan haya ke nan: ɗaki naka ne, amma rijiya ɗaya, mita ɗaya. Don kada mutum ɗaya ya shanye ruwan gidan, kamfani yana yanka wa kowa iyaka, da yawansu da manhajar CloudLinux suke yi. Lamba 508 tana nufin ka cinye rabonka na wannan lokacin. Kuma fa ko an rubuta maka "ba iyaka" a talla, je ka karanta ƙa'idojin, za ka ga iyakar a kwance.

A daren nan ni zagin kamfanin kawai nake yi. Da na nutsu na shiga cPanel, na buɗe Resource Usage, sai kunya ta kama ni. Fulogin, wato 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa WordPress, mun tara su tuli, rabinsu ma ba mu san aikinsu ba, kuma duk wanda ya shigo sai sun tashi aiki gaba ɗaya. Ga hotunan taro da muke ɗorawa kai tsaye daga waya ba ragi. Muka mayar da rajistar kan Google Forms a daren, washegari muka goge tarkacen, muka rage nauyin hotuna, muka sa fulogin ɗaya mai ajiye kwafin shafi don kada saba ta riƙa dafa shi daga farko ga kowane baƙo. Ban ce ba za ka taɓa buƙatar ƙarin kuɗi ka koma babban tsari ba. Amma share ɗakinka tukuna.

Sai lamba 500, ko shafi ya fito fari fat ba komai. Wannan galibi a ɗakinka matsalar take, ba ta mai gida ba ce. Tambayar farko: me na taɓa a ƙarshe? Idan sabunta fulogin ka yi, shiga File Manager, ka buɗe wp-content, ka canja wa jakar plugins suna, ko da ƙara mata harafi ɗaya ne. Duk za su mutu lokaci guda. In shafi ya dawo, mayar da sunan, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka kama ɓarawon. In bai dawo ba, duba fayil ɗin .htaccess. Ɓoyayye ne, sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli kafin ka gan shi, shi ma canja masa suna ka gwada. Kuma don Allah, idan wani a YouTube ya ce ka sa izinin fayil 777, kar ka yi. Bar ƙofa a buɗe ke nan. Fayil 644, jaka 755.

Idan kuwa ka ga "Error establishing a database connection", shafin ne ya kasa magana da rumbun bayanansa. Buɗe wp-config.php ka duba sunan rumbun, da sunan mai shiga, da kalmar sirri, ko sun yi daidai da na cPanel. In komai daidai ne, to wataƙila daga kamfani ne, rubuta musu.

Yawwa, rubuta musu ɗin ma da yadda ake yi. "My site is not working pls help" ba zai kai ka ko'ina ba. Faɗi adireshin, da lokacin da abin ya fara, da abin da ka taɓa, ka haɗa da hoton allon.

Gargaɗin nan na cewa shafi ba shi da tsaro kuwa, sau da yawa takardar SSL ce ta ƙare. Ta Let's Encrypt kyauta ce, ba ta daɗewa, kuma da kanta ya kamata ta sabunta. In ta maƙale, kamfani zai tayar da ita. Haka in ka sauya kamfani, sabon adireshin kan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya game ko'ina, kar ka tayar da hankalinka.

Amma abin da ya fi kashe shafukan ƙungiyoyinmu ba lamba ba ce. Wani yaro mai ƙoƙari ya gina shafi, ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ya tafi bautar ƙasa. Saƙon tunin biyan kuɗi yana zuwa akwatin da ba mai buɗewa, shekara ta cika, shafi ya ɓace. Sunan shafi daban, hostin daban, kowanne da ranar ƙarewarsa. Ko .com ne ko .org.ng, ku tabbata da imel ɗin ƙungiya aka yi rajistar, kuma aƙalla mutum biyu sun san kalmar sirri. Sannan ku sauke cikakken kwafin shafin daga cPanel ku ajiye a wani wuri daban, kar ku bar shi a kan sabar kawai. Mu yanzu sakatariyarmu ce ke yi duk farkon wata, kuma sai ta turo hoton shaida a gurup muke ƙyale ta.

Masu tambayar me ya sa imel ɗin shafinsu ke faɗawa kwandon shara, ban manta da ku ba, shiri na gaba naku ne in Allah ya kai mu. Sai mun haɗu.