Wa zai sa wa manyan kamfanonin intanet linzami?

Jawabin da aka gabatar gaban ɗalibai masu shirin ganawar ɗaukar aiki.



Daga cikin tambayoyin da kwamitin ɗaukar ma'aikata kan ajiye gaban ɗan takara, musamman a fannin shari'a, aikin jarida da sadarwa, akwai wannan: shin ya dace gomnati ta sa wa kamfanoni irin su Google, Meta, Apple da Amazon linzami? Sau da yawa mai neman aiki kan ce i ko a'a, sannan ya yi shiru, alhali kwamitin jira yake ya ji hujja. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ga abin da ya kamata ɗan takara ya riƙe kafin ya shiga ɗakin.

Da farko, ya san dalilin da ya sa maganar ta taso. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutane kusan miliyan 87 daga Facebook don amfanin siyasa, abin da ya sa hukumar ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala miliyar 5 a 2019. A 2024 kuma wani alƙalin Amurka ya yanke hukunci cewa Google ya mamaye kasuwar bincike a intanet ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Na biyu, ya san abin da doka ta iya yi. Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro miliyar 2 da miliyan 420 a 2017, saboda fifita hajarsa bisa ta abokan gasa. A 2018 dokarta ta kare bayanan mutane ta fara aiki, kuma da ita aka ci Meta tarar yuro miliyar 1 da miliyan 200 a 2023. Dokar kasuwannin intanet ta 2022 ta tanadi tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Kamfanonin na jin maganar Turai ne saboda kasuwa ce ta mutane wajen miliyan 450. Ƙasa guda mai ƙaramar kasuwa ba ta da wannan nauyi, shi ya sa haɗin kan Afirka, irin na yarjejeniyar Malabo ta 2014, ya cancanci ambato.

Na uku, kuma nan ne ake gane ɗan takara mai zurfin tunani: hannun da ke riƙe da linzami shi ma yana buƙatar mai sa masa ido. A 2021 gomnatin Najeriya ta rufe Twitter tsawon wata bakwai, kuma a 2022 kotun CEDEAO ta ce matakin ya saɓa wa doka. A Nijar, an katse intanet na wayar salula kimanin kwana goma bayan zaɓen 2021. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta kai ƴan jarida gaban alƙali. An cire ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka maido da shi a 2024. A duk waɗannan, wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan kasuwa mai ciniki ta waya da ɗan jarida mai neman labari. Dokar da aka ce ta kamfani ce, in ta ƙare a bakin talaka, ta zama gyaran gangar Abzinawa.

Saboda haka amsa mai nauyi tana auna kowace doka da tambayoyi uku. Wa take ɗaurewa, kamfani ko ɗan ƙasa? Wa ke zartar da ita, hukuma mai zaman kanta ko minista? Wanda aka zalunta, yana da kotun da zai kai kuka? Ɗan takarar da ya jera waɗannan da shekaru da alƙaluma, cikin natsuwa, ya nuna wa kwamitin cewa za a iya ba shi amanar ofis.

Allah ya ba mai rabo sa'a. Wassalam.