Daga Fadama Zuwa Tudu: Jawabin Yaye Matasan Magina a Maraɗi



Mai girma Gwamnan jihar Maraɗi, ranka ya daɗe. Mai martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, Allah ya ja zamaninka. Wakilin mai martaba Sarkin Gobir da ya taso mana daga Tibiri, uban ƙasar Jiratawa, shugabannin birni, limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Sarkin magina da dattawan sana'a, iyayenmu mata da za su karɓi makullin ɗakunan da matasan nan suka gina, sai ku ƴaƴana da ake yayewa. Sannunku da zuwa, sannunku da rana.

Da aka aiko mini cewa ni zan yi jawabi, sai na ce wa ɗan aike ya ɓata ƙofa, don ni cokalin gini na sani, ban san lasifika ba. Ya ce ai cokalin ake so a ji. To ga ni. In na zarce, a yi wa tsoho uzuri, wanda ya saba magana daga kan katanga bai iya sassauta murya ba.

Ranka ya daɗe, a gabanka ba sai na karanta tarihin garin nan ba, amma yaran nan suna bukatar su ji a kan me suke tsaye. Maraɗi garin waɗanda suka rasa gida ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a 1807 sun yi shekaru suna yawo kafin Ɗan Kasawa ya zauna a nan wajen 1819. Gobirawa ma haka, bayan yaƙin Gawakuke suka kafa Tibiri wajen 1836. Kakanninmu a cikin fadama suka yi gari, gindin itatuwa, kusa da gulbi, don kurmi ya ɓoye su daga dawakin abokan gaba. Abin da ya kare su daga doki bai kare su daga ruwa ba. A 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon gari, Turawan Faransa suka sa aka hau tudu, aka ja tituna a miƙe, aka yanka filaye kare-kare. Kakata tana cikin waɗanda suka hau da tukwane a ka. Har ta rasu, in hadari ya haɗo daga gabas, sai ta tattara tabarminta ta ɗora kan randa, ko da yake ɗakinta yana Bagalam, inda gulbi bai taɓa kaiwa ba. Muna yara muna yi mata dariya. Yanzu na daina.

Abin da nake so a riƙe daga wannan labari shi ne, ranar da aka hau tudu, ba a bar kowa a ƙasa ba. Mai doki ya hau, mai jaki ya hau, makaho ma an ja masa sanda ya hau. Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Limanci, Ɗan Gulbi, kowa ya samu inda zai kafa bukka kafin ya yi gini.

Sai gari ya yi ta cika. Ƙidayar 1977 ta same mu ba mu kai 45,000 ba. A 1988 mun wuce 110,000. A 2012 mun haura 267,000, kuma kowa ya ga yadda unguwannin Zariya da Ali Ɗan Tsoho suka miƙe tun daga lokacin. Filin da ubanka ya samu da gaisuwa da ƴan goro, yau sai mai miliyoyi. To ina talaka ya nufa? Ya gangara. Ya koma bakin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, ya koma hanyar ruwa, ya koma gefen kwazazzabon da ke zarara daga tudu zuwa gulbi. Wanda bai samu ko wannan ba, yana cikin filin wani alhaji da bukkar kara da sunan gadi, shi da mata da ƴaƴa, ranar da motar yashi ta zo ranar zai kwashe. Hawan da aka yi a 1945, a hankali talauci yana warware shi, gida ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an yi shela ba.

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 aka yi shelar. Ruwa milimita 150 cikin kamar awa ɗaya da rabi, wato fiye da rubu'in abin da muke samu a damina guda. Aƙalla mutum 15 muka rasa a garin nan, Allah ya jiƙansu. A ƙasa baki ɗaya, daminar ta ci rai kusan 400, ta shafi mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa da ya haura shekara 150 ya zube. Azuzuwan lekol suka zama ɗakunan kwana, har aka ɗage komawa karatu zuwa 28 ga Oktoba. Wasu daga cikin iyayenmu da ke zaune a kan tabarmar can, a aji suka ƙarasa wannan damina.

Bayan haka na ji mutane da yawa suna cewa ƙasa ce ta ci amanarmu, a bar ginin laka. Gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar, kuma mun gode, ya taimaki mutane. Amma ni na bi gidajen da suka faɗi da idon magini, kuma ina so ku ƴaƴana ku saurara, don nan ne gadonku. Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta ƙafa da ta ka. Ta ƙafa, in an ɗora tubali kai tsaye kan yashi babu harsashi, ruwa ya kwanta a gindin bango, bango ya tsotse shi kamar yadda lagwani yake shan kananzir, ya yi laushi, ya durƙusa. Ta ka, in an rufa da ɗanyen icce siriri don azarar giginya ta yi tsada, gara ta cinye shi a ɓoye, aka kuma yi ta ƙara ƙasa a soro duk shekara don tsayar da yoyo har nauyi ya fi ƙarfin icce. Irin wannan rufi da dare yake faɗowa, kan mutane suna barci. Ga indararo gajere da ke zuba a jikin bango. Ga salga da aka haƙa dab da katanga. Ga lambatun ƙofar gida cike da leda. Duk abin da na lissafa, babu wanda laifin ƙasa ne. Laifin hannu ne, da laifin aljihu.

Ku an koya muku ku ɗaga harsashi da marmara ko birgin siminti har gwiwa kafin ku ɗora tubali. An koya muku matse birgi a inji da ɗan siminti kaɗan. An koya muku rufin baka da ƙubba da ba ya bukatar icce ko ɗaya, dabarar da aka fara gwadawa a ƙasar nan a Cikal, cikin gundumar Filinge, a 1980, wadda asalinta daga maginan Nuba ne a kudancin Masar. Kun san sirrinta: baka tana tura bango waje, saboda haka wanda ya yi rowar kaurin bango ya gina kabari. Kuma kada wani ya sa ku ji kunyar laka a hannunku. Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa, da ƙasa ya gina masallacin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ƴar ƙasar nan, Mariam Issoufou, da abokan aikinta, da birgin ƙasa suka gina gidajen Niamey 2000 da masallacin Dandaji, kuma yau makarantun gini na duniya suna nazarin aikin. Ni kam hujjata ba ta kai can ba. A shiga ɗakin siminti mai rufin kwano a watan Afrilu da azahar, a fito a shiga soro. Wanda ya kwantar da jariri a cikin na farko ya san abin da nake nufi.

Mai girma Gwamna, yanzu zan taɓo abin da ya fi damuna, kuma ba maganar gini ba ce.

Na taɓa yin aiki a wasu gidaje da aka yi wa marasa ƙarfi, ba zan faɗi wuri ba. Gini ya yi kyau, an yi fenti, an yanka kyalle, an ɗauki hoto. Da na koma bayan shekara biyu, rabin masu gidan ba su nan. Na bi sawun wata gwauruwa na same ta ta koma tsohon kangonta a bakin kududdufi. Na ce, “Inna, me ya dawo da ke?” Ta ce, “Ɗana, can wa zai sayi ƙuli-ƙulina? Bango zan ci?” Babu famfo kusa, babu kasuwa, babu maƙwabciyar da za ta bar wa jika in ta tafi likita. Tun ranar na gane cewa mu mun gina abin da muke so mu bayar, ba mu tambayi abin da take bukata ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai ƙarfi in ka ba shi makulli ka gama da shi. Tsohuwa, da makaho, da gurgu, da matar da ke riƙe da marayu, makulli farkon ɗawainiyarsu ne. Gurgu yana son ƙofa mai faɗi marar dokin ƙofa, da kekensa zai shiga. Wanda kuturta ta ci wa yatsu ba ya iya murɗa ƙaramin makulli, sakata mai kauri yake so. Tsohuwa tana son makewayi kusa, da maƙwabcin da zai ji tarinta da dare. Ku je Danja, nan ƙasar Jiratawa, inda ake jinyar kuturta tun 1956, aka kuma ƙara sashen mata masu yoyon fitsari a 2012. Ma'aikatan wurin za su gaya muku sau da yawa ciwo yana warkewa, sai tambayar ina za a koma ta zama sabon ciwo.

Kuma mun ga abin da ya yi aiki. Tun 2019 da ƴan bindiga suka koro ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, talakawan ƙauyukan Gidan Runji ne suka fara buɗe musu ɗakuna da rumbuna, tun kafin wata mota mai tuta ta iso. Daga baya gwamnati da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, a jikin garuruwan da ke akwai, ana shan famfo ɗaya, yara suna zuwa lekol ɗaya. Ba a kai su daji an kewaye su da waya ba. Abin da aka yi wa baƙo, a yi wa ɗan gari: a zaunar da mai rauni cikin mutane.

Maganar kuɗi zan taƙaita, don ba fagena ba ne. An buɗe bankin gidaje na ƙasa a 2018, abu ne mai kyau ga mai albashi. Mai tuyar ƙosai ba ta da takardar albashi. Amma tana da asusu. A jihar nan aka haifi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, kuma daga nan dabarar ta bazu cikin ƙasashen Afirka da Asiya. Matan da suka shekara 30 suna zubi duk mako suna biyan bashi kan kari, ba za su kasa riƙe akwatin gyaran gida ba. Ƴan daloli duk mako, in bazara ta zo a sami na yaɓe da na indararo.

Ina da roƙo biyu ga shugabanni, tunda Allah ya haɗa mu inuwa ɗaya. Duk lokacin da za a yanka sabbin filaye a tudu, a ware wa marasa ƙarfi rabonsu a ciki, kusa da famfo da hanya, kada a bar musu saura. Sannan takardar gidajen nan ta fita da sunan wadda za ta kwana a ciki. Mun sha ganin an share makoki, kafin arba'in dangin miji sun zo da dillali. Ranka ya daɗe, wannan magana ta fada ce da ta limamai, in kuka tsawata za a ji. A 2015 mun yi bikin Maraɗi Kwalliya, gari ya yi kyau, baƙi sun yaba. Wanda ya iya wancan cikin shekara guda ba zai gaza wannan ba.

Ku kuma ƴaƴana, zan ɗora muku kaya a gaban iyayenku. Za ku fita, ƴan kasuwa za su kira ku ginin bene, ku je, ku ci halalinku, ku yi aure. Amma ɗakunan nan da kuka gina da hannunku ba ku sallame su ba. Kowace shekara, in iskar bazara ta fara kaɗawa, kafin ruwan shuka, kowa ya koma ɗakin da ya gina. Ya hau soro ya duba tsaga. Ya share indararo. Ya ƙwanƙwasa gindin bango ya ji sautinsa. Inna ba za ta kira ku ba, kunya za ta hana ta, don tana ganin an riga an yi mata da yawa. Ku je ba tare da kira ba. A da, gayya ce take yin wannan aiki, samarin unguwa su yaɓe ɗakin tsohuwa a sha fura a watse, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na roƙi Sarkin magina ya rubuta sunan kowane ɗayanku a gefen sunan mai ɗakin da ya gina, kuma ya amsa. In na kai baɗi, ni ma zan bi ku da sandata, in ban iya hawa tsani ba zan riƙe muku shi.

Iyayenmu mata, Allah ya sanya albarka a ɗakunan nan, ya sa ku ji ruwa a kan rufi ku juya ku ci gaba da barci. Ƴaƴana, Allah ya tsare ku daga faɗuwa, ya tsare ku daga cin siminti da yashin mutane. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.

Sarkin magina, bisimilla, a kira su ɗaya-ɗaya, a miƙa wa kowa cokalinsa da igiyarsa. In an gama, mai girma Gwamna da mai martaba za su miƙa makullai, a fara da Innar da ke bakin tabarma, don tun hantsi take zaune.